Wa ke riƙe da linzami? Doki da mahayi a zanen Turawa, 1800 zuwa 1845

A watan Mayun 1800 Napoleon Bonaparte ya ƙetare tsaunukan Alps da rundunarsa zai shiga Italiya, kuma a kan alfadari ya yi tafiyar, wani mutumin yankin yana jan ragama. Ba abin kunya ba ne. Hanyar siririya ce, ga ƙanƙara ga rami, kuma alfadari ya fi doki iya taka dutse. Amma da Jacques-Louis David, babban mai zanen Faransa na lokacin, ya zo zana wannan ƙetarewa a 1801, sai alfadari ya ɓace. Ingarman doki ne ya fito, ya ɗaga ƙafafun gaba sama a kan gangaren dutse, iska na kaɗa gezarsa da wutsiyarsa, idanunsa a waje. Shi kuwa mahayin yana zaune daram, ko ɗar babu a fuskarsa, hannu ɗaya riƙe da linzami, ɗaya yana nuna ƙololuwar tsauni. A kan duwatsun da ke ƙasa an rubuta sunansa kusa da na Hannibal da Charlemagne, waɗanda suka ƙetare tsaunukan kafin shi. An ruwaito cewa shi da kansa ya nemi a zana shi cikin natsuwa a kan doki mai zafi. Irin wannan zane guda biyar David ya yi.

Tsohuwar magana ce David ya maimaita da babbar murya. Tun daga Titian da ya zana Sarki Charles na Biyar a kan doki a 1548, zuwa Velázquez da sarakunan Sifaniya, zuwa Van Dyck da Charles na Ɗaya na Ingila, zanen mutum a kan doki na masu mulki ne, kuma saƙonsa bai canzawa: dokin shi ne ƙasa da jama'arta, masu ƙarfi, masu iya bore, linzami kuma shi ne mulki. Iya zafin dabbar, iya darajar wanda ya juya ta da yatsu biyu. Ita kanta taɓaryar da dawakin tsofaffin zane-zanen ke yi ba ta firgita ba ce, horo ne da ake shekaru ana koya wa dawakin fada. Ba wanda ya damu da abin da dokin yake ji.

Cikin shekara goma sha ɗaya kacal wannan magana ta fara warwarewa. Masana tarihin zane suna kiran abin da ya biyo baya Romantisizim. Ba soyayya ake nufi ba, tafarki ne na samarin da suka gaji da awo da tsari da kwaikwayon mutum-mutumin Girkawan da, suka ce abin da ke tafasa a ƙirji, tsoro da fushi da firgici da zumuɗi, shi ya cancanci a sa masa fenti. A ganina babu inda ake ganin wannan sauyi ƙarara kamar a jikin doki, domin a nan tambaya ɗaya ce suka riƙa juyawa fiye da shekara talatin: idan dokin ya ƙi bin linzami fa?

Wanda ya fara yin ta da ƙarfi yaro ne ɗan shekara 21, Théodore Géricault, haifaffen Rouen a 1791, wanda tun yana ƙarami ba shi da zance sai na doki. Ya yi koyo a wurin Carle Vernet, gwanin zanen dawaki, ya kuma riƙa zuwa bargar gwamnati a Versailles yana zana su ta kowace fuska. Akwai wani zanensa da kusan ba komai cikinsa sai kuturin dawaki jere sahu-sahu, kowanne da launin gashinsa da yadda haske ke sauka a kansa. Mutumin da zai zauna ya zana bayan dawaki fiye da ashirin ba don ya sayar ba, ai ka san abin ya shiga jininsa.

A babban baje kolin zane na Faris, a watan Nuwamban 1812, ya kai zanen wani hafsan sojan doki na rundunar tsaron Napoleon, tsayinsa kusan mita uku da rabi. Da farko sai ka ce ɗan'uwan na David ne, domin nan ma doki ya miƙe a kan ƙafafun baya. Sai ka matso. Dokin, kili mai ɗigo-ɗigo, ya juya maka baya, yana neman afkawa cikin hayaƙi da jan wuta. Ƙafafunsa na baya sun buɗe kamar za su zame, bakinsa a wangame, farin idonsa ya fito. An shimfiɗa masa fatar damisa a kan sirdi. Hafsan kuwa ya murɗa jiki ya waiwaya baya, takobi tsirara a hannunsa amma tsininsa na kallon ƙasa, kuma fuskarsa ba ta mai ba da umarni ba ce, ta mutumin da tunani ya ɗauke ne a tsakiyar ruwan harsashi. Doki na tafiya gaba, mahayi na duban baya. Ba yatsan da ke nuna hanya. Duk ƙarfin zanen yana jikin dabbar, mutumin kuwa ɗauke shi aka yi. An ce da David ya tsaya gabansa ya tambaya daga ina wannan ya fito, don bai gane hannun ba. Aka ba yaron lambar zinariya.

A daidai makonnin da mutanen Faris ke kallon wannan zane, rundunar Napoleon tana kan hanyar dawowa daga Mosko cikin dusar ƙanƙara, sojoji na yanka dawakinsu suna ci. Dawakin da suka halaka a wannan yaƙi na Rasha sun haura dubu ɗari, kuma rashinsu na cikin abin da ya karya Napoleon a shekaru biyu da suka biyo baya, don ɗaukar sabon kurtu ya fi horar da dokin yaƙi sauri. Géricault bai san wannan ba lokacin da yake zanen. Amma ya taso cikin tsarar da aka yi wa alkawarin ɗaukaka, kuma suka fara jin ƙasa na motsi a ƙarƙashinsu.

A 1814, bayan Faris ta faɗi an sauke Napoleon, ya dawo baje kolin da zane na biyu, aka rataye shi tare da na farko. Wannan karon sojan ya sauka. Ƙato ne mai sulken ƙarfe a ƙirji da kwalkwali, yana gangarowa daga tudu da ƙafa, ya dogara takobinsa a ƙasa kamar sanda, ɗaya hannun ya damƙe linzami kusa da bakin dokin da ke fizge-fizge. Ya ɗaga kai yana duban baya, sararin sama baƙi ƙirin. An kira shi soja mai rauni, amma ba wani ciwo da ake gani a jikinsa, kuma masu sharhin lokacin sun yi ta ƙorafi a kan haka da kan yadda aka matse dokin cikin zanen. Ba su so shi ba. Ni kuwa a nan nake ganin jaruntakar Géricault: ya ɗauki girman ƙyalle da a da sai sarki ko waliyyi, ya ba wa sojan da ba a san sunansa ba, wanda aka ci da yaƙi, wanda ko hawa dokinsa ba ya iyawa. A Sifaniya ma a wannan shekarar Goya ya zana boren mutanen Madrid na ranar 2 ga Mayun 1808, inda talakawa da wuƙaƙe ke finciko barade Mamluk na rundunar Faransa daga kan sirdi, dawakin na tsakiya idanu a zare.

Me ya sa doki, ba wata dabba ba? Wani ɓangaren amsar mai sauƙi ne: jirgin ƙasa bai yaɗu ba tukuna, doki ne motar haya, shi ne babbar motar kaya, shi ne tankar yaƙi, kowa ya san shi kuma kowa zai gane in an zana shi ba daidai ba. Amma babban dalilin yana jikin dabbar. Fuskar mutum ta iya ɓoye abin da ke ciki, hafsa na iya cije leɓe ya nuna ba komai. Doki ba ya iyawa. Kunnuwansa za su kwanta, hancinsa ya buɗe, jijiyoyin wuyansa su tashi, kumfa ta zubo, fatarsa ta riƙa rawa. Mai zanen da ke son nuna tsoro tsagwaronsa, ba tare da ya zubar da mutuncin jarumi ba, sai ya ɗora tsoron a kan doki.

Kafin a iya yin haka sai da wani ya san dokin ciki da waje, kuma wannan aiki Baturen Ingila George Stubbs ne ya yi shi. A wajen 1756 ya kama wani gidan gona a ƙauyen Horkstow, ya shafe kusan shekara ɗaya da rabi yana rataye gawar dawaki da ƙugiyoyi, yana feɗe su sashe-sashe, daga fata zuwa tsoka zuwa ƙashi, yana zana kowane mataki. Littafin da ya fito daga wannan wahala a 1766 ya zama abin dogaro ga masu zane da likitocin dabbobi. Shi ne kuma ya zana Whistlejacket, wani dokin sukuwa, da girmansa na zahiri, ba mahayi, ba sirdi, ba ko ƙasa a ƙarƙashinsa. Ya kuma shafe kimanin shekara talatin yana maimaita hoto guda: zaki ya ɗare bayan doki ya kafa masa haƙora. Duba da kyau, mahayi ne aka musanya da zaki. Géricault ya kwafi wannan hoton da hannunsa.

A Rum, a 1817, ya ga abin da ya dace da zuciyarsa. A lokacin bikin shekara na birnin ana sakin dawaki ba mahaya su yi tsere a kan titin Corso, an ɗaura musu ƙarafa masu tsini da ke sukar su suna gudu. Asalin irin dawakin daga Arewacin Afirka ne, ƙasar Barbar. Géricault bai damu da gudun ba. Abin da ya kama shi shi ne ɗan lokacin da ke gabanin sakin su, samari majiya ƙarfi sun rirriƙe su ta hanci da geza da wutsiya, dawakin na haniniya suna tashi sama. Ya yi gwaji da yawa, kuma a hankali ya riƙa cire abubuwa: ya cire 'yan kallo, ya cire tufafin zamani, har ya rage tsokar mutum da tsokar dabba suna kokawa, ba ka iya cewa ga mai rinjaye. Ya so ya mayar da shi babban zane mai faɗin kusan mita goma, amma ya koma gida bai yi ba.

Daga mahayin da ya waiwaya, zuwa wanda ya sauka, zuwa dokin da ba kowa a kansa, saura mataki ɗaya, kuma labarin Mazeppa ne ya kawo shi. Ivan Mazepa shugaban mayaƙan Kosak ne na Yukren da ya rayu da gaske, amma almara ta ce yana saurayi an kama shi da matar wani basarake, aka tuɓe shi aka ɗaure shi a bayan dokin da ba a horar ba, aka kora dokin daji. Bayan mawaƙin Ingila Byron ya mayar da labarin waƙa a 1819, masu zanen Faransa suka yi masa caa: Géricault, Delacroix, Horace Vernet a 1826 da kyarketai na bin dokin, Louis Boulanger a 1827. Mutum na kan doki, amma a kwance, a ɗaure, fuskarsa na kallon sama, inda dabbar ta ga dama nan za shi. Samarin da suka ga daula ta rushe a kansu, suka kuma ɗauki mai fasaha a matsayin wanda baiwarsa ke ja ba da son ransa ba, sun ga kansu a wannan hoto.

Akwai wani gefe na Géricault da ba a cika ambata ba, kuma ina ƙaunarsa. Da ya je Landan a 1820 ya zana dawakin aiki: masu jan keken gawayi, waɗanda maƙeri ke buga wa takalmi, manya masu kaurin ƙafa da sunkuyayyen kai. A can kuma ya zana tseren Epsom na 1821, dawaki huɗu a ƙarƙashin hadari, kowanne ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, yana shawagi a iska. Doki ba ya sukuwa haka. An tabbatar a 1878, lokacin da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Palo Alto ta Kalifoniya ya ɗauki hoton goɗiya tana gudu: gaskiya ne akwai lokacin da duk kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a tattare suke ƙarƙashin ciki. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin kuskuren da kimiyya ta tona. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Idon ɗan Adam ba ya iya tsayar da sukuwa, abin da yake kamawa shi ne miƙewa da tsawo da wucewa fyuu, kuma wannan Géricault ya zana. Hotunan Muybridge daidai suke, amma in ka ɗauki guda ɗaya ka kalla, dokin kamar an rataye shi ne.

Doki ne kuma ya yi sanadin Géricault. Ya sha faɗuwa daga kan sirdi, ciwo ya kama ƙashin bayansa, ya daɗe a kwance, ya mutu ranar 26 ga Janairun 1824 yana da shekara 32.

Eugène Delacroix, wanda Géricault ya girme wa da shekara bakwai, wanda kuma ya taɓa tsaya wa Géricault ya zana shi, shi ya ɗauki tutar. Nasa dawakin ba su kai na Géricault daidaiton ƙashi da gaɓa ba, wani lokaci wuyan ya yi tsawo, kan ya yi ƙanƙanta, amma launi da motsi sun fi yawa. Akwai ɗan ƙaramin zanensa na fentin ruwa, yau yana Budapest: farin doki shi kaɗai a fili, walƙiya ta tsaga sama, ya murɗe jiki gezarsa a tsaye. Sai dai Delacroix ya yi wani abu da ya canza zancen. Ya kwashe duk wannan zafi ya kai shi ƙasashen Musulmi. Tun kafin ya taka ko'ina yana zana barade Turkawa masu rawani suna sara, suna jan mata a ƙasa. Turawan zamaninsa sun riga sun yanke cewa mutumin Gabas shi ne mai hawa dokin zuciya, su kuma masu hankali.

A Janairun 1832 ya sauka Tanja cikin tawagar jakada Charles de Mornay. Faransa ta ci birnin Aljiyas a 1830, kuma aikin tawagar shi ne ta shawo kan Sarkin Maroko, Maulay Abdurrahman, ya janye hannunsa daga yammacin Aljeriya. A kan hanyar Meknes ƙabilu suka riƙa tarbar su da wasan bindiga: barade su jeru sahu ɗaya, su sako dawaki a guje, su ɗaga dogayen bindigogi, su harba gaba ɗaya, su ja linzami su tsaya cik. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ga jahi zai gane abin nan take, sai dai a can da harbi ake rufewa. Har yau Marokawa na yin sa, suna kiransa tburida. Delacroix ya cika littattafan aljihunsa da zane da rubutu. Ya ga ingarmu biyu sun kaure da faɗa suna cizon juna, hoton bai bar kansa ba har ya zana shi a 1860, shekara uku kafin mutuwarsa. Ya kuma rubuta wa abokansa cewa a nan ya ga kwarjinin da ake ba da labarin Rumawa da Girkawan da suna da shi, a jikin mutane masu yafe da farin mayafi suna tafiya a titi.

Nan ne abin ya yi sarƙaƙiya, kuma bai kamata a sauƙaƙa shi ba. Sha'awar Delacroix ta gaskiya ce, idonsa kuma mai kaifi ne, sirdi da likkafa da zaman mahayi duk ya kama su. Amma wasan bindiga ba hauka ba ne. Horo ne mai tsanani, a ce mutum goma ko fiye su harba kamar bindiga ɗaya, su tsayar da dawaki a layi ɗaya. A bangon Faris sai ya koma shaidar cewa waɗannan mutane ne masu zafin kai, kyawawa a ido, waɗanda zamani ya bari a baya. Kuma ana kallon zanen ne a shekarun da sojan Faransa ke ƙone gonaki da kwashe garkuna a Aljeriya.

Baje kolin 1845 ya haɗa fuskokin biyu a gini ɗaya. Horace Vernet ya kawo zane mai faɗin mita 21, wanda Sarki Louis-Philippe ya sa a yi don fadar Versailles: harin da ɗan sarkin, Duc d'Aumale, ya kai ranar 16 ga Mayun 1843 a kan zangon tantunan Amir Abdulƙadir, jagoran gwagwarmayar Aljeriya, a lokacin da shi Amir ɗin ba ya nan. Barade Faransawa na sukuwa a tsare, gabansu raƙuma na faɗuwa, mata da yara da shanu na watsewa. Linzamin da Romantisizim ya kwance, Vernet ya mayar da shi hannun mai mamaya, firgicin kuma ya bar wa waɗanda aka mamaye. Jama'a suka yi ta tururuwa a gabansa.

Delacroix kuwa ya kawo Maulay Abdurrahman a gaban ganuwar Meknes, kamar yadda ya gan shi ranar 22 ga Maris 1832. Mai zanen da aka sani da dawaki masu tashi sama, a nan ya tsayar da doki cik. Sarkin kaɗai ne a kan sirdi, an riƙa masa laima, fadawa na tsaye a ƙasa, dakaru sun yi sahu har jikin ganuwa, sama shuɗiya tas. Duk Bahaushen da ya ga sarki ya fito ƙarƙashin laima zai karanta hoton ba tare da tafinta ba. Abin da ya ba shi nauyi shi ne lokacin: watanni kaɗan kafin nan, a Agustan 1844, Marshal Bugeaud na Faransa ya ci rundunar Maroko a Isly, kuma cikin ganimar da aka kawo Faris aka nuna wa jama'a har da laimar ɗan wannan sarki. A irin wannan yanayi Delacroix ya nuna wa Faransawa sarkin da suka ci da yaƙi yana zaune da cikakken kwarjininsa. Ina ganin wannan adalci ne, kuma da gangan ya yi shi. Sai dai akwai abin da ya cire. A gwajin farko da ya yi, jakada de Mornay da mutanensa suna tsaye gaban sarkin, don ai taron karɓar su ne. A zanen da ya kai baje koli babu Bature ko ɗaya, ba abin da zai tuna wa mai kallo cewa wata ƙasa ce ta aiko a matsa wa wannan sarki, kuma a cikin tawagarta mai zanen ya zo. Gwamnati ta sayi zanen ta aika da shi gidan tarihi na Toulouse, can kudu, na Vernet kuma aka kafa shi a Versailles.